KUNNEN HAGU

Shafi na 23

Masu ƙwanƙwasa min akwatin saƙo tun da sassafe, na ji ku, hannu biyu gare ni ba goma ba. Sababbin shigowa kuma ku matso in gaya muku inda aka kwana. Mai Kunne shi ne mutumin nan da ke gwada iyafis masu araha a bidiyo, yana gaya wa mabiyansa wanda za su saya da wanda za su guje wa. Ya gwada wanda yayan matarsa ya shigo da shi kasuwa, ya ce wa duniya ɓangaren hagunsa a mace yake. Kaya suka kwanta. Yau Yaya Babba ya tako da ƙafarsa har gida.

*

Mai Kunne bai ji ƙarar makullin ba. Gani kawai ya yi Yaya Babba ya murza shi, ya zare, ya jefa a aljihu.

Sannan ya jawo kujerar roba ya jingina ta da ƙofar, ya zauna, ya miƙe ƙafafu.

Ɗakin ɗaukar bidiyon dama ba wani girma gare shi ba. Tsohon sito ne, ba taga, bangon duk an manne shi da soso don kada hayaniya ta shigo. Tebur ɗaya, kyamara a kan sandarta da wayar shiri maƙale a jiki, sai fitila mai zobe. Mutum biyu ma in sun shiga sai sun yi ta ba juna hanya. Yau su uku ne, ga kuma katan biyu da Yaya Babba ya dire a tsakiya.

"Yaya, ai da falo muka zauna," in ji Mai Kunne yana ƙaƙaro murmushi. "Nan akwai zafi. Auta, kawo wa Yaya ruwa mana."

"Ba inda za ta. Ba ruwa na zo sha ba."

Auta na tsaye a kusurwa, ta naɗe hannuwa cikin mayafi. Tun da suka shigo ba ta yarda sun haɗa ido da mijinta ba.

"Maimaita min," in ji Yaya Babba.

"Me fa, Yaya?"

"Maganar da ka yi a bidiyon. Da bakinka nake son in ji."

Mai Kunne ya sunkuyar da kai.

"Ka manta? To ni ban manta ba, don kullum sai an karanta min ita. 'Jama'a, kunnen hagun wannan iyafis ya riga mu gidan gaskiya, ku sa shi a addu'a.' Haka ka ce, kana dariya."

"Yaya, aiki ne. Abin da na ji..."

"Ka san yanzu in na shiga kasuwa me ake ce min? Mai takaba. Masu shagon layinmu har layi suke yi su zo yi min ta'aziyya. Wani ya ce yaushe ne sadakar bakwai. Masu sari sun dawo min da kaya. Mai tebur na bakin titi, wanda ko inuwa ba shi da ita, shi ma ya dawo min da nawa ya ce kada in ɓata masa suna."

"Wallahi ban yi don in ci maka fuska ba."

"Ni na riƙe yarinyar nan tun tana rarrafe. Ni na ɗauke ta na ba ka, lokacin ba ka da komai sai waya mai fasasshen gilashi. Da ka ga aibi a kayana, ba ka da lambata ne?"

"Na yi wa mabiyana alƙawari, Yaya. Ko na wane ne, abin da kunnena ya ji shi zan faɗa."

"Kunnenka."

Yaya Babba ya jinjina kai a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar.

"Madalla. Shi na zo gani."



Akwai abin da Mai Kunne bai gaya wa kowa ba. Ranar da ya ɗauki wancan bidiyon, da mura ya tashi, kunnensa na hagu kamar an cusa masa auduga. Bai ɗauke shi komai ba. Sai bayan bidiyon ya zaga gari, ya ɗauko nasa iyafis ɗin na amana, wanda yake auna duk sauran da shi, ya sa. Dama na waƙa. Hagu shiru, sai wani siririn "iiii" can ciki kamar kukan sauro.

Ya canza waya. Haka.

Ya canza waƙa. Haka.

Sai ya naɗe iyafis ɗin ya tura can ƙarshen durowa, ya ce wa kansa mura ce, za ta wuce. Murar ta wuce. Sauron bai tafi ba. Tun daga nan bai sake sakin bidiyon gwaji ba, kullum da uzurin da yake ba mabiyansa. Yau ne ya yi musu alƙawarin fitowa kai tsaye bayan la'asar, don sun fara cewa ko an saye shi ne.

"Yaya, ina da shiri yanzu. Mutane na jira. Mu bari sai gobe, in zo shago da kaina."

"Ƙofar nan ba za ta buɗu ba sai mun gama. Auta, ɗaure masa ido."

"Ido kuma?"

"Ba kai ne gwani ba? Iyafis uku za a sa maka. Ɗaya nawa ne, biyu na wasu. Ka nuna min nawa, ka gaya min aibinsa, ni kuma in tashi in ba ka haƙuri a gaban ƙanwata."

"In na ƙi fa?"

"Sai in san ƙarya ka yi min, in ɗauki ƙanwata mu tafi."

"Yaya!" in ji Auta.

"Ke, yi min shiru."

Mai Kunne ya dubi ƙofar. Ya dubi bangon soso. Shi da kansa ya manna sosan nan, yana alfahari ko ihu aka yi a ciki maƙwabta ba za su ji ba.

Ya ja kujerarsa ya zauna.

"Bari in ɗauko waƙar gwajina."

"A'a. Da wayata za a yi, da waƙar da na zaɓa. Taka ka haddace ta."

Auta ta zare siririn gyalen da ke wuyanta ta zagayo bayansa. Da ta zo ɗaurewa ya ji yatsunta a ƙeyarsa sanyi ƙalau duk da zafin ɗakin.

Duhu ya rufe shi.

"Na farko," in ji Yaya Babba.

Robar ta shiga kunnuwansa. Waƙa ta tashi, muryar mace, ganga a ƙarƙashi, jita na bi a gefe. Duka a dama. Ya tattara hankalinsa kaf ya zuba a wannan kunnen guda, kamar mai leƙa ɗaki ta kafar ƙofa.

"Wannan gangarsa ta yi yawa," ya ce. "Dum, dum, har ta danne mawaƙiyar. Kamar an lulluɓe ta da bargo tana waƙa. Masu son duka a ƙirji za su so shi, amma in karatu ko labarai za ka saurara, wahala za ka sha. Ba naka ba ne."

"Na biyu."

Aka zare, aka sa wani.

Ya yamutsa fuska.

"Wannan kuma ba shi da gindi. Sama kawai. Duk inda ta ce 'sa' ko 'tsa' sai ya soke ka kamar allura. Jitar kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. In ka daɗe da shi kai zai yi ciwo. Shi ma ba naka ba ne."

Ya ji Yaya Babba ya yi gyaran murya.

"Na uku."

Da waƙar ta tashi, sai da ya gyara zama.

Gangar na zaune inda ya kamata. Muryar matar a fili, har jan numfashinta yana ji kafin ta ɗauki baiti. Jitar ba ta tsawa, ba ta ɓuya. A kuɗin da ake sayar da shi, bai taɓa sa irinsa a kunne ba. Kuma shi ne ya yi wa jana'iza a gaban duniya.

"Wannan naka ne, Yaya."

"Tabbas?"

"Tabbas."

"Ba shakka an yi gwani. To yaya sautinsa?"

"Gangar daidai. Murya tas. Ba ya soka, ba ya dannewa."

"Sai me?"



Zufa ta gangaro daga ƙarƙashin gyalen ta bi ta gefen hancinsa. In ya ce lafiya lau yake, ya ƙaryata bidiyonsa da bakinsa. In ya ce a mace yake, ya ƙara ƙarya a kan wadda bai yi da niyya ba. Ya lalubi hanya ta uku, babu.

"Ina jin ka. Sai me?"

"Hagun," ya ce, muryarsa a dushe. "Hagun a mace yake. Kamar yadda na faɗa."

"Wanne hagun?"

"Wanda ke kunnena na hagu mana."

"Kada ka taɓa shi. Auta, kwance masa."

Haske ya dawo. Abin da ya fara gani fuskar matarsa ce, jage-jage da hawaye. Yaya Babba ya miƙo wayarsa ya juya masa kyamarar gaba kamar madubi.

"Duba da kyau. Kai ka koya wa mutane a bidiyo. Jan ɗigo na wane ɓangare ne?"

Iyafis ɗin irin miƙaƙƙun nan ne, hagu da dama duk siffa ɗaya, sai ɗan ɗigon fenti da ke bambanta su.

Jan ɗigon na kunnensa na hagu.

"Na dama ne," in ji Yaya Babba da kansa. "Juya maka su aka yi. Wanda ka ce ya riga mu gidan gaskiya, shi ne yanzu ya gama yi maka waƙa a kunnen dama, har kana yabon gangarsa. To gaya min, Mai Kunne. Wa ya mutu?"

Mai Kunne ya sa hannu ya zare su a hankali. Ya ajiye a tebur. 

Ba Yaya Babba ya kalla ba. Auta ya kalla.

"Ke kika juya su."

"Ni ce."

"Ke kika gaya masa."

"Ni ce."

"Auta..."

"To ya kake so in yi?" Kukan da take dannewa ya ƙwace. "Ina kallon ka! In na yi maka magana daga wannan gefen sai ka yi ta tafiyarka. Waya in ta shigo, da sauri kake mayar da ita dama. A tebur ka canza kujera, ka ce iska ta fi a can. Iskar me? Na ce mu je asibiti, ka ce lafiyarka lau. Na sake cewa, ka yi min tsawa, abin da ba ka taɓa yi ba."

"Shi ne kika kai ni gaba."

"Ban kai ka gaba ba! Na je in roƙe shi ne. Na ce Yaya, ba mugunta ya yi maka ba, ciwo ne, ka yafe masa. Ya ce ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Na ce to, in ya gani, kai ma ka gani, sai a huta, mu tafi asibiti."

"Da kin bari. Da ya warware da kansa."

"Ba ya warwarewa! Na tambayi ƙawata mai aikin jinya, ta ce kunnen da ya ɗauke farat ɗaya ba a zama da shi a gida, jinkiri ke kashe shi. Ka san tun yaushe nake roƙon ka?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta matso har gwiwarta na taɓa tasa.

"Ka tuna ranar da kake gyara igiyar kyamarar nan, na zo ta bayanka na rungume ka?"

"Na tuna."

"Me na ce maka?"

Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa.

"Cewa kika yi... in zo in ci abinci."

"Abin da ka amsa ke nan. Ka ce 'ajiye min, ina zuwa.'" Ta yi wata dariya mai ciwo. "A kunnen nan na raɗa maka. Na ce maka ina da ciki."



Har Yaya Babba sai da ya janye ƙafafunsa.

"Ciki?" in ji Mai Kunne. "Auta, ciki?"

"Na koma kicin na zauna ina kuka, na ɗauka ba ka murna ne. Sai daga baya na gane ba ka ji ba ne sam."

Ya miƙa hannu zai riƙo nata, ta bari ya riƙe. Shekarun da suka yi suna jira, da maganganun dangi, da asibitocin da suka zaga, ashe amsar ta zo har kunnensa ta ƙwanƙwasa ba a buɗe mata ba.

Ya miƙe.

"Yaya, na yi maka laifi. Ka buɗe ƙofa. Yanzu zan hau in gaya wa mutane kayanka lafiyarsu lau, kuskure daga gare ni ne. Daga nan mu wuce asibiti."

"Zauna."

"Yaya, ai an gama."

"Na ce zauna. Wane kuskure za ka ce musu? Za ka ce Mai Kunne ba shi da kunne?"

Mai Kunne ya koma ya zauna.

"In ka faɗi haka, ka mutu. Ba mai sake sauraron ka, ba kamfanin da zai sake aiko maka da kaya. Kuma wankewar da za ka yi min ta zama banza, don ba mai karɓar shaidar kurma a kan sauti. Ni ban tashi ba, kai ka faɗi. Ga ciki. Da me za ka ciyar da su?"

"To me kake so?"

Yaya Babba ya ɗaga wayarsa ya danna. A fuskar wayar ga Mai Kunne zaune, ido a ɗaure, jan ɗigo ɓaro-ɓaro a kunnen hagu, bakinsa na motsi.

"Da wayar da ke waƙar nake ɗauka. Tun daga farko har 'wa ya mutu'."

"Yaya!" Auta ta dafe ƙirji. "Ba haka muka yi da kai ba!"

"Ke kin yi naki, ni ma bari in yi nawa."

"Ka rantse min! Ka ce in ka gani za ka yafe!"

"Na yafe. Yafiya ba ta mayar da kaya kasuwa."

Ya sa ƙafa ya turo katan na biyu gaban tebur. Ya yage bakin, ya zaro ƙaramin kwali mai sheƙi, an zana masa walƙiya da wani ƙaton lasifika.

"Wancan na farko ya riga ya ƙone, ko ka wanke shi ba mai saye. Wannan sabo ne. Duk abin da ya rage min na zuba a kansa. Yau za ka gabatar da shi. Ka ce ka daɗe ba ka ji irinsa ba. Daga yau kuma duk abin da na shigo da shi, ta hannunka zai bi. Ni kuma wannan bidiyon ya kwana a wayata, ba mai gani."

"In na ƙi?"

"Kafin ka kai bakin titi ya riga ka isa."

Mai Kunne ya karɓi kwalin. Tun daga nauyinsa jikinsa ya ba shi. Igiyar siririya kamar zaren ɗinki, robar kunnen tauri kamar ƙashi, wajen haɗin kuma har gam ya leƙo.

"Bari in ji shi tukuna."

"Ji mana. Da wanda ya rage."

Ya haɗa da wayarsa, ya sa a dama kawai, ya rage ƙara sosai kafin ya kunna.

Ko baiti ɗaya bai kai ba ya fizge shi.

"Yaya, wannan ba kaya ba ne."

"Ban tambaye ka ba."

"Wallahi ba don ni ba. Ba ganga, ba murya, sai ƙarfe. Kuma akwai matsala a haɗin, in igiyar ta motsa sai ya yi tsalle ya yi ƙara da kansa. Masu sayen irin wannan ɗalibai ne da masu ƙaramin ƙarfi, su kwana da shi a kunne. Zai ɓata musu ji."

"Kai ne za ka ba ni labarin ɓacin ji?"

"Ni ne kuwa. Don na san yadda yake."

Fuskar Yaya Babba ta ɗan motsa. Ya kawar da kai ya kalli sosan bango. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, kuma hakan ya fi tsawar ban tsoro.

"Kana ganin daɗi nake ji? Ina da iyali ni ma. Masu aiki a shagona na sallami rabi. Ban taɓa sayar da irin wannan ba, na gari na kawo, kai ka kashe shi. Kai ka tura ni nan, ƙanina. Yanzu mu biyu muke ciki."

Wayar da ke kan sandar kyamara ta yi haske. Lokacin shirin ya yi. Saƙonni sun fara hawa tun kafin a buɗe.

Ina Mai Kunne?

Yau ma za a ba mu uzuri ne?

An ce an saye shi, mu gani.

Auta ta durƙusa a gaban yayanta ta kama gefen rigarsa.

"Yaya, don girman Allah. Don darajar iyayenmu. Ka buɗe mu tafi asibiti, gobe a yi duk abin da za a yi."

"Yana gamawa zan kai ku da motata. Ni zan tsaya a kan maganin."

"Yaya..."

"Tashi, kina da juna biyu. Tashi ki kunna masa."

Ta juyo ta kalli mijinta.  Ya kalli cikinta da ko alama bai fara ba. Ya kalli babban yatsan Yaya Babba da ke shawagi a kan wayar. Ya kalli ƙofa.

Ya goge zufa da hannun riga, ya gyara wuyan rigar, ya jawo kujera gaban fitila.

"Kunna," ya ce.

"Me za ka ce musu?"

"Ban sani ba. Kunna."

Ta danna. Jar alama ta fito a saman wayar. Adadin masu kallo ya fara gudu sama.

Murmushin aiki ya hau fuskarsa da kansa, kamar rigar da jiki ya saba da ita.

"Jama'a, barkanmu da yamma. Naku ne, Mai Kunne. Na san na ɓuya, ku yi min afuwa. Yau na zo muku da... da sabon kaya."

Ya ɗaga kwalin. Walƙiyar da ke jiki ta ɗauki hasken fitila.

A bayan kyamara Yaya Babba ya gyaɗa kai, ya yi masa alama da hannu ya ci gaba.

Saƙonni na ta hawa.

Sa shi mu gani!

Gaskiya dai, Mai Kunne, kamar kullum.

Ni ɗaliba ce, abin da ka ce shi zan saya gobe.

Idonsa ya tsaya a kan wannan na ƙarshen har ya wuce sama ya ɓace.

"Kamar yadda muka saba," ya ce, "ba ma yabo, ba ma kushe, sai mun ji."

Ya sa na hagu. Ya sa na dama. Ya kunna waƙar gwajinsa.

Ƙarar ta yi ƙasa sosai, yadda ya bar ta ɗazu. Mutane na kallon fuskarsa, kuma sun san shi, sun san ba ya yanke hukunci sai ya kai ƙara rabi. Ya ɗora yatsa ya fara ƙarawa. Kaɗan. Kaɗan.

Ya buɗe baki, shi kansa bai san wacce maganar ce za ta fito ba.

"Gaskiyar magana, jama'a, wannan iyafis..."

Gwiwar hannunsa ta taɓa igiyar.

ƘIIIIII!

Kamar an soka masa ƙusa mai zafi daga kunnen dama har tsakiyar kai. Ya zabura, kujerar ta kife, ya fizge igiyar ya yar, ya dafe kunnen da hannu biyu.

Ya tsaya a haka, ido a rufe, yana jiran ƙarar ta lafa.

Ta lafa.

Komai ma ya lafa.

Ya buɗe ido. Auta na gabansa ta riƙe kafaɗunsa tana jijjiga shi, bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi. Ihu take yi. Yana ganin ihun.

Yaya Babba ya miƙe tsaye, kujerar roba ta faɗi a bayansa, yana laluben makulli a aljihu, leɓɓansa na motsi da sauri.

Mai Kunne ya tafa hannu a gefen kunnensa na dama. Ya ji zafin tafin a fatarsa. Ya sake tafawa da ƙarfi.

Ya manta da fitila. Ya manta da jar alamar da ke ci a saman wayar, da dubban idanun da ke bayanta.

Ya kama hannun matarsa, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, don bai san a ina muryar take ba.

"Auta, ba na ji! Na daman ma ya tafi! Duka biyun, Auta, duka biyun!"